Jigo da Turke: Yadda Ake Feɗe Waƙa daga Tsafe zuwa Bunguɗu

 Yau zancen adabi za mu yi, kuma ba za mu yi nisa da gida ba. Daga Tsafe za mu taso, mu yada zango a Gusau, mu leƙa ƙasar Bunguɗu.

(Sautin taushi, sannan ya yi ƙasa)

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar Hausa ya san tambayar nan: su wane ne marubutan farko? Amsar a bakin kowane ɗalibi take. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. In ƙagaggen labari na boko ake nufi, ɗalibi ya ci makinsa. In kuwa rubutu ake nufi gaba ɗaya, to an fara ƙirga daga tsakiya.

Ba mu kaɗai wannan gardama ta dama ba. A Amurka an daɗe ana fara lissafi da Turawan da suka yi ƙaura can, irin su Anne Bradstreet, wadda aka buga waƙoƙinta a Landan a 1650. Sannu a hankali jerin ya faɗaɗa. Yau ana karanta Phillis Wheatley, da aka kamo daga Afirka ta Yamma tana ƙaramar yarinya aka sayar a Boston a 1761, ta fitar da littafin waƙoƙi a 1773. Ana karanta Umar ɗan Sa'idu, almajiri daga Futa Toro, wanda bauta ta kai shi Amurka, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. Har tatsuniyoyi da waƙoƙin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar an sa su a shafukan farko na littattafan adabi.

To mu fa? In ka baro Tsafe ka nufo Gusau, za ka ratsa 'Yandoto. Matafiyi na iya wucewa bai ko waiwaya ba, amma tun kafin jihadin 1804 sunan wurin ya kai nesa, domin gari ne na malamai da almajirai, inda ake kwafar littattafai da alƙalamin kara da tawada. Da jihadi ya zo malaman garin da jama'ar Shehu Usmanu suka saɓa, rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, malamai suka watse da abin da suka iya ɗauka. A nan Malam Sambo ɗan Ashafa ya zauna kafin ya kafa Gusau, kuma har gobe sarautar Tsafe 'Yandoto ake ce mata.

Daga zaure irin na waɗannan malamai rubutacciyar waƙar Hausa ta fito, da ajami, shi ya sa ma'auninta na Larabci ne. Akwai baiti, akwai ɗango, wato layi ɗaya a cikin baitin. In baiti yana da ɗango biyu a ce waƙar 'yar ƙwar biyu ce, in biyar ne 'yar ƙwar biyar. Akwai amsa-amo, wanda malamai ke kira ƙafiya: babba shi ne wanda ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ƙarami kuwa a cikin baiti yake, yana sauyawa. Sai kari, wanda ake aunawa da dogayen gaɓoɓi da gajeru. Sai tahamisi, inda wani zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora masa uku a sama, ba tare da ya karya karin ba. Waƙar Tabban Haƙiƙa da Fulatanci Shehu ya yi ta, ta bi ta hannun 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa kafin ta zama ta Hausa mai ƙwar biyar da ake rerawa yau. Irin waɗannan waƙoƙi ne Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa wa hanyar nazari a Gadon Feɗe Waƙa: a nemo jigo, a warware shi, a duba zubi da tsari, a duba salo.

(Sautin kotso da amshi)

Yanzu ɗauki wannan ma'auni ka je da shi Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, mahaifar Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wanda ya rasu a 1973. Ka ce za ka ƙirga masa ɗango, ka nemo masa ƙafiya. Wallahi sai ka gaji ka bari.

Dubi yadda ake yi a ƙofar fada ranar salla. Makaɗa sun durƙusa, kowa da taushinsa. Jagora ya ɗauko magana, bai kai ƙarshenta ba 'yan amshi sun karɓe sun ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari da nasu, sannan gaba ɗaya a koma kan 'yan kalmomin nan da aka buɗe waƙar da su. Su ne gindin waƙa. Abin da ke tsakanin komawa da komawa shi ne ɗa, jam'insa ɗiya, kamar yadda muke faɗa a nan Zamfara. Wani ɗan layi biyu ne, wani ya kai goma sha, gwargwadon numfashin jagora da abin da idonsa ya gano a taron. In wani basarake ya iso ana cikin kiɗa, nan take a haifa masa nasa ɗan. Gobe in an sake waƙar, ɗiyan na iya sauya wuri, gindin dai yana nan.

Mutumin Gusau ne ya zauna ya tsara wa wannan fanni kalmominsa, wato Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, mai littafin Jagoran Nazarin Waƙar Baka. A wurinsa saƙon waƙar baka turke ne. Kamar akuyar da aka ɗaure, ta yi gabas ta yi yamma amma igiya ba ta barin ta wuce iyaka, haka makaɗi zai shiga yabo, ya faɗa tarihi, ya taɓa roƙo, duk yana zagaya abu guda. Waɗannan ƙananan saƙonni su ne tubalan ginin turke.

A cikin tubalan nan babu masu daɗin ji kamar zambo da habaici, kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Zambo muzantawa ce a fili: a zana mutum da ƙirarsa da tafiyarsa da rowarsa har kowa ya gane shi. Habaici kuwa jifa ne a kasuwa, mai abin shi ya san kansa. A waƙar fada yawanci 'yan sarki masu hangen gadon sarauta su ke shan su, kuma Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, dukansu na ƙasar Maradun, sun iya wannan aiki ƙwarai. Haka adon harshe: in makaɗi ya ce sarki kamar giwa yake, ya yi kamantawa, in ya kira shi giwa kai tsaye, siffantawa ke nan, in ya sa dutsen Kwatarkwashi ya yi magana, ya yi mutuntarwa.

Abin da ke damuna, jama'a, shi ne yawan ɗaliban da za su zubo maka waɗannan kalmomi tiryan-tiryan, amma ba su taɓa sauraron waƙar Jankiɗi guda ɗaya daga gindi har dire ba. Alhali waƙoƙin suna cikin waya, suna wurin masu tura waƙa a kasuwa. Malamin da zai koyar da turke a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko a wata sakandare ta Tsafe, ya fara kunna waƙar tukuna, ya bar yara su ƙirga sau nawa aka koma gindi, su yi gardama kan wanda aka yi wa habaici, sannan ya ɗauki alli.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu juya ga makaɗan maza da na noma, irin su Kassu Zurmi da Amali Sububu.