Gardamar Dede Ayew a Magazin: A Gyara Tsohon Inji Ko A Sauke Shi?

Duk wanda ya saba shiga Suame Magazin ya san abu biyu ba sa yankewa a wurin, ƙarar guduma da gardamar ƙwallo. Da zarar an ajiye sifana an zauna cin wake da shinkafa, sai a ɗauko zancen Kotoko ko na Black Stars. To amma tun shekarar 2024 babu gardamar da ta raba kan kanikawa kamar ta André Ayew, wanda kowa ya fi sani da Dede, ɗan Abedi Pele. Shin daidai ne da aka ajiye shi, ko kuwa an yi gaggawa?

Ga yadda abin ya faru. An haifi Dede a watan Disamba na 1989. Shi ne kyaftin ɗin yaran da suka ciyo wa Gana kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Masar a 2009, bayan sun doke Burazil da bugun fenariti. Ya ci Amurka da Jamus a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya kuma ci Fotugal a Katar a 2022. Ya buga wa ƙasa wasa sama da ɗari. Da Otto Addo ya dawo horar da ƙungiyar a 2024, sai ya fitar da sunayen waɗanda za su kara da Mali da Afirka ta Tsakiya a watan Yuni, babu sunan kyaftin a ciki. A lokacin yana da shekara 34, kuma yana ci wa Le Havre ta Faransa ƙwallaye.

Masu cewa gara da aka ajiye shi, galibi yaran gareji ne, kuma hujjarsu kwana uku ce da ba su manta ba. Na farko Janairun 2022 a Kamaru, ranar da aka ba shi jan kati, Komoros ta ci Gana 3 da 2. Na biyu 2 ga Disamba 2022, da ya ɓarar da fenariti a wasa da Yurugai, ƙasar da 'yan Gana ke jiran ramuwa a kanta tun 2010. Na uku ya fi ciwo. A Kwaddebuwa, Janairun 2024, Gana na gaban Mozambik da ci biyu har minti casa'in ya cika. Dede ya shigo daga benci, ƙwallo ta taɓa hannunsa a cikin da'ira, aka ba da fenariti. Kafin a ankara an rama na biyu daga kwana, aka tattaro kaya aka dawo gida. Su a ganinsu, in har gogewar tsohon hannu ba ta tsare ci biyu na minti biyar ba, to me ake ajiye ta ta yi?

Iyayen gida kuwa, waɗanda suka ga zamanin Abdul Razak da Opoku Nti a Kotoko, sai su yi murmushi su ce a ci gaba da lissafi. An ajiye Dede a Yuni. A watan Satumba Angola ta zo nan Kumasi, a filin Baba Yara, ta ci mu ɗaya da nema a mintin ƙarshe, abin da wata ƙasa ba ta yi mana a wannan fili ba cikin shekara 24. Sudan, wadda ɗanmu Kwesi Appiah ke horarwa, ta ci mu biyu. Nijar ta zo Akra ta ci 2 da 1, kuma 'yan'uwanmu Zabarmawa da Hausawan Maradi na cikin zango ba su bar mu mun sha ruwa ba a makon. Wasa shida babu nasara ko ɗaya, Gana ta rasa shiga gasar cin kofin Afirka karon farko tun 2004. Ashe ba tsoho ne ciwon ba.

Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. A 2025 aka ba ƙaninsa Jordan kambun kyaftin, kuma wannan ƙungiya da ba Dede a ciki ita ta samo tikitin kofin duniya na 2026, ranar da Mohammed Kudus, yaron Nima, ya ci Komoros a Akra cikin watan Oktoba. Kowane ɓangare dai yana da nasa wasan da zai nuna.

Ni a nawa ganin, mutanen Magazin sun fi kowa sanin amsar wannan, don kullum ita suke bai wa masu motoci. Idan aka kawo tsohuwar Benz 207 tana hayaƙi, fita na kirki ba ya tambayar shekarar da aka ƙera ta. Zai tada inji ya saurara, ya duba ko mai take sha, sannan ya tambayi direba wace hanya yake bi. Injin da ba zai ƙara jure Kumasi zuwa Bawku ba, yana iya shekara biyar yana jigilar Kejetia zuwa Tafo. Haka ɗan wasa. Dede na 2024 ba zai yi gudun minti casa'in a gefen fili kamar na 2010 ba, wannan ko masoyansa sun sani. Tambayar da ba a zauna an yi masa a fili ba ita ce, zai yarda da gajeriyar hanya?

An ga inda aka yi hakan. A waccan gasa ta Kwaddebuwa, Ahmed Musa ne kyaftin ɗin Najeriya, amma William Troost-Ekong ne ke jan ƙungiya a cikin fili, Musa yana benci, har suka kai wasan ƙarshe ba a ji kansu ba. Kamaru ta ɗauko Roger Milla yana da shekara 38 a 1990, yana shigowa daga benci, ya ci ƙwallo huɗu a Italiya. Amma fa kada a manta, daga bencin nan Dede ya shigo ranar Mozambik. Shi ya sa ban ga laifin Otto Addo ba da ya zaɓi gina sabuwar ƙungiya. Aikinsa ke nan a lokacin, kuma a kansa laifi zai faɗa in abin ya lalace.

Inda nake ganin an gaza shi ne wajen sallama. A gareji, yaro in ya gama koyon aiki sai an tara mutane, an yi addu'a, maigida ya miƙa masa kayan aiki. Black Stars kuwa ta daɗe ba ta iya raba kyaftin da kambunsa cikin daɗin rai ba. Manya suna tuna tsamar da aka yi ta zance tsakanin Abedi Pele da Tony Yeboah bayan 1992. Shi kansa Dede ta wannan ƙofa ya shigo. A watan Mayun 2019 Kwesi Appiah ya karɓe kambun daga hannun Asamoah Gyan, mai ƙwallo 51 a ragar abokan hamayya, ya ba Dede. Gyan ya fusata ya ce ya bar buga wa ƙasa, sai da Shugaba Akufo-Addo ya sa baki sannan ya janye. Aka tafi Masar da shi yana zaman benci, Tunisiya ta fitar da mu da fenariti, kuma daga wannan gasa Gyan bai ƙara saka rigar Gana ba. Shekara biyar bayan nan, aka karanto jerin sunaye babu na Dede.