Kamun Kifi da Dare a Lokacin Hunturu a Fadamun Nguru da Gashuwa

Da zarar an kammala girbin gero da shinkafa, manoma da yawa a yankin Nguru da Gashuwa sukan ajiye lauje su ɗauki taru da ƙugiya. A daidai wannan lokaci ne ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke haɗuwa kusa da Gashuwa, take janyewa, kifin da ya bazu a fadama ya tattaru a gurabu. To amma sanyin Disamba da Janairu yana sauya halin kifi, kuma wanda bai lura da haka ba yakan kwana a ruwa ya dawo hannu rabbana.

Jikin kifi yana bin ɗumin ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya yi sanyi, kuzarinsa da cin abincinsa sukan ragu. Karfasa ta fi nuna wannan, domin takan rage kiwo sosai idan ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, kuma dama da rana take kiwo. Saboda haka mai fita da dare ya sa tarwaɗa da kurungu a gaba, domin su da gashin baki suke laluben abinci cikin duhu.

Ruwa marar zurfi ya fi saurin hucewa, shi ya sa kifi ke gudu daga bakin gaɓa zuwa gurbi mai zurfi, ko lanƙwasar kogi, ko gefen ciyawar kachala. A nan ya kamata a ɗana ƙugiya, a saukar da ita kusa da ƙasa, da tana ko hanjin kaza ko gutsuren kifi. Koto mai ƙarni ya fi jan tarwaɗa. Kada a kutsa tsakiyar kachala, domin tana cinye taru, kuma fita daga cikinta da dare aiki ne.

Lokaci mafi kyau shi ne daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe 10 na dare, sa'ad da ruwa ke riƙe da ɗumin rana. Da asuba ruwa ya kai ƙarshen sanyinsa. Lokacin janye kalli ne da duba gura. Kalli ya fi kamu a daren duhu, domin a farin wata kifi yana hango zare. Ko da yake sanyi na jinkirta ruɓewa, kifin da ya mutu a raga tun farkon dare yana zubar da daraja, don haka a gaggauta kai shi banda ko kasuwa. Mai saye a Nguru ko Machina ya san kifin da ya kwana.

Kada masunci ya fita shi kaɗai. Hazo yana ɓoye gaɓa, jiƙaƙƙen tufafi da iska kuma suna kashe jiki. A tanadi fitila da busassun kaya, a hura wuta a gaɓa. A ganina, hawa gora da dare a wannan sanyi ganganci ne. A yi amfani da kwalekwale.

Malaman gona su ja hankalin masunta kan girman idon raga. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta ya sauya, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Kifin da ya rage a gurabu shi ne irin baɗi. A yi amfani da raga mai idon da ya kai inci 3, a mayar da ƙanana ruwa, a kuma nemi iznin bulama ko sarkin ruwa kafin shiga gurbin da aka killace. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta zuba guba da amfani da nakiya.