Daga Ina Taurarin Nesa Ke Samun Igiyar Rediyo?

'Yan uwa, duk wanda ya bi hanyar Nsawam daga Accra zai iya hango wani ƙaton faranti a Kuntunse, mai faɗin mita 32. Da can na sadarwa ne, daga baya masana na Gana da Afirka ta Kudu suka mai da shi na'urar sauraron sama, aka ƙaddamar da shi a watan Agustan 2017. To, me ake saurara a sama, tun da ba gidan rediyo a can?

Taurari suna zaune ne gungu-gungu, babban gungu yana ɗauke da biliyoyinsu. A tsakiyar manyan gungu akwai abin da ake kira baƙin rami, wuri mai tsananin jan abu, har haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. Idan ramin yana haɗiyar iska da ƙura, sai su riƙa kewaya shi, suna ɗaukar zafi, suna walƙiya. Irin wannan gungu shi ake cewa mai kuzari.

Amma ba duka ake haɗiyewa ba. Ƙarfin maganaɗisu yana fizgar wani kaso, ya feso shi ta ɓangarori biyu da gudun da ya kusa na haske. A cikin feshin akwai ƙananan ƙwayoyin lantarki. Maganaɗisu ba ya barin su su miƙe, sai su riƙa murɗawa kamar zare a jikin mazari, kuma wannan lanƙwasa ita ke sa su fitar da igiyar rediyo.

Misali shi ne gungun M87. Tun 1918 Heber Curtis ya hango feshinsa. A 2019 aka fitar da hoton inuwar raminsa, wanda nauyinsa ya kai na rana biliyan 6.5. Saƙonsa kuwa sai ya yi kusan shekara miliyan 55 a hanya kafin ya iso mu.

Ina amfanin wannan ga ɗan Nima ko Maamobi? Saboda tsananin nisa, mafi nisan waɗannan gungu kamar a kafe suke. Da su masana ke auna juyawar duniya, kuma da wannan awo ake daidaita GPS, wanda manhajar alƙibla ke dogara da shi don sanin inda kake.

Ɗalibai, farantin nan a ƙofar gidanmu yake. Mabuɗinsa lissafi ne da kimiyya, a riƙe su da kyau. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.