Digiri Babu Bashi: Yadda Matasan Ingila Ke Koyon Aikin Odita Suna Karɓar Albashi

Tun daga shekarar 2015, lokacin da Gwamnatin Biritaniya ta ƙaddamar da shirin koyon sana'a haɗe da digiri a Ingila, yaron da ya gama sakandare yana kuma sha'awar aikin akanta yana da hanyoyi biyu a gabansa. Ko dai ya tafi jami'a ya ci bashin kuɗin makaranta, ko kuwa ya shiga kamfanin binciken kuɗi a matsayin ma'aikaci, yana karɓar albashi yana karatu, ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba.

Kuɗin makaranta a jami'o'in Ingila ya tsaya a kan Fam 9,250 a shekara daga 2017, kafin a ɗaga shi zuwa Fam 9,535 a 2025. Wanda ya fara karatu da rancen gwamnati daga 2023 zai iya shekara 40 ana cire masa bashin daga albashi. Shi kuwa ɗan koyo, daga wani asusu ake biya masa, wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi. A watan Afrilun 2017 ne aka ɗora wa duk kamfanin da jimlar albashin ma'aikatansa ta haura Fam miliyan 3 a shekara harajin rabin kashi 1 cikin 100, don horar da 'yan koyo. Manyan kamfanonin odita huɗu na duniya, wato Deloitte da PwC da EY da KPMG, duk suna ɗaukar matasa kai tsaye daga sakandare.

To, amma fa araha ba ta ado. Abin da ɗan koyo bai biya da kuɗi ba, yana biyan sa da lokacinsa. Ƙa'idar 2017 ta ware masa kashi 20 cikin 100 na lokacin aiki don karatu, kamar yini ɗaya ke nan a mako. An yi wa ƙa'idar gyare-gyare tun daga 2022, amma har yanzu mafi yawan makonsa na ofis ne. Wanda ke neman takardar ICAEW, wato cibiyar akantoci ta Ingila da Wales da aka kafa a 1880, sai ya cika kwana 450 na aikin zahiri, bayan jarrabawa fiye da goma. Kamfanoni da dama suna rufe littattafansu ranar 31 ga Disamba, don haka daga Janairu zuwa Maris aikin odita kan yi tsanani, a daidai tsakiyar hunturu. Sa'o'insa na jami'a suna da dogon hutu; shi sai hutun ma'aikaci, ga littafi na jiran sa da daddare.

Aikin shekarar farko na sa ido ne da haƙuri. Za a tura shi sito ya ƙirga kaya da hannunsa, ya gwada da abin da ke cikin littafi. Zai bi rasit daga takardar oda har zuwa biya. Zai rubuta wa banki wasiƙa don bankin ya tabbatar da abin da ke cikin asusun kamfanin da ake bincika, kuma amsar dole ta zo wa odita kai tsaye, kada ta biyo ta hannun mai dukiya.

Inda aikin ya sauya salo shi ne wajen nazarin alƙaluma da na'ura mai ƙwaƙwalwa. A da, odita kan tsamo takardu kaɗan daga cikin dubbai ya duba, ya yanke hukunci a kan sauran. Yanzu akan kwaso littafin kamfani kacokan a zuba a na'ura, ɗan koyo ya tace shi da Excel ko SQL ko Power BI. Yana neman abin da ya saɓa wa al'ada: kuɗin da aka shigar da tsakar dare ko ranar hutu, rasit ɗaya da aka biya sau biyu, adadin da ya tsaya dab da ƙasan haddin da ke buƙatar sa hannun manaja, ko ribar da aka rubuta a ranar rufe littafi aka kuma soke ta bayan kwana biyu.

Akwai kuma gwajin da ake kira ƙa'idar Benford, da sunan masanin da ya bayyana ta a 1938. A cikin tarin alƙaluma na gaskiya, kimanin kashi 30 cikin 100 da lamba 1 suke farawa, waɗanda ke farawa da lamba 9 kuwa ba su kai kashi 5 ba. Mai ƙirƙirar alƙaluma da ka ba kasafai yake bin wannan tsari ba.

Duk da haka, iyakar na'ura ta nuna inda za a duba. Sai mutum ya tashi ya tunkari babban akanta, wanda wataƙila ya haife shi, ya nemi hujja, ya kuma ƙi gamsuwa idan hujjar ba ta cika ba. Wannan shi ne darasi mafi wuya ga ɗan shekara 19, kuma tarihi ya nuna tsadar sakaci da shi. A watan Yunin 2020 kamfanin Wirecard na Jamus ya durƙushe bayan da aka gano cewa Yuro miliyan 1,900 da ya ce yana da su a bankunan Filifin babu su. A Biritaniya, kamfanin gine-gine na Carillion ya rushe a Janairun 2018, kuma a 2023 hukumar kula da aikin odita ta ci KPMG tarar Fam miliyan 21 saboda gazawar binciken da ya yi masa.

Shirin kansa yana fuskantar matsin kuɗi. Daga Janairun 2026 gwamnati ta taƙaita tallafin mataki na bakwai, wanda yake daidai da digiri na biyu kuma a nan yawancin akantoci ke ƙarewa, ga waɗanda ba su kai shekara 22 ba a lokacin shiga, in ban da 'yan ƙalilan. Wannan ya ƙara wa masu fitowa daga sakandare daraja a idon kamfanoni.

A Nijeriya ma akwai tushen irin wannan tsari. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, a 1971, kuma gyaran dokarsa na 2011 ya tsayar da gudummawar kamfanoni a kan kashi 1 cikin 100 na albashi. Cibiyar ICAN, wadda aka kafa a 1965, tana da jarrabawar ATSWA ga masu shaidar sakandare. Abin da tsarin Ingila ya ƙara shi ne ɗaure aikin da albashin da takardar shaidar cikin yarjejeniya ɗaya.

Ga ɗan kasuwa mai neman rance ko abokin hannun jari, littafin da odita ya sa wa hannu shi ne shaidarsa. Darajar wannan sa hannu kuwa tana farawa ne daga matashin da aka tura sito ƙirga kaya.