Tseren Jiragen Iska A Bakin Ruwan Ikko

Duk wanda ya taɓa hawa gadar nan da ta tashi daga Onikan zuwa Tsibirin Biktoriya da la'asar, musamman a ƙarshen mako, ba zai rasa ganin waɗansu ƙananan jiragen ruwa masu dogayen ƙyallaye suna kai da kawowa ba. Ba su da inji, ba a kuwa tuƙa su da filafili ko gora. Iska kaɗai ke tafiyar da su. Mutanenmu da yawa sukan leƙa ta tagar mota su ce wasan masu kuɗi ne, su kau da kai. To, wasa ne lalle, amma akwai ilmi a cikinsa wanda zai amfani duk ɗan Arewa da neman abinci ya kawo shi garin da ruwa ya kewaye.

Masu wannan wasa suna da kulob a gindin gadar, ba nisa da Dandalin Tafawa Ɓalewa. Sunansa Lagos Yacht Club, Turawa ne suka kafa shi a 1932, yanzu kuwa har da 'yan ƙasa a ciki. Mu abin da muka sani a gida shi ne tseren kwalekwale irin na bikin Rigata a Yawuri, inda ƙarfin damtse ke aiki. A nan kuwa ƙato ba ya tsere wa siriri don ƙarfinsa. Wanda ya fi iya karanta iska shi ke zuwa na ɗaya.

Ga yadda abin yake. Akan ajiye waɗansu alamu masu yawo a bisa ruwa, kowane jirgi sai ya kewaye su bi da bi. Saura minti 5 a tashi sai a busa ƙaho, jiragen su yi ta shawagi a bayan layi, wanda ya yi gaggawa ya ƙetare kafin lokaci sai ya komo ya sake. Yawanci mutum biyu ko uku ne a jirgi, ɗaya yana riƙe da sandan juya jirgin, sauran suna kula da igiyoyin ƙyalle. Tseren maraice ba na neman dukiya ba ne. Abokai ne suka tashi aiki, suka zo su gwada gwaninta, in an gama a zauna a yi wa wanda ya kife tsiya.

Mai karatu zai ce, to, in iska tana busowa daga inda kake so ka je fa? Nan gwanintar take. Jirgin ƙyalle ba ya iya fuskantar iska sosai, sai dai ya kauce mata kamar rabin kusurwa, ya yi dama, ya juyo ya yi hagu, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan tudu. Akwai wani allo da ake zurawa ta ƙarƙashin jirgin, shi ke hana iska tura shi a kaikaice. In jirage biyu suka haɗu, wanda iska ke bugunsa ta hannun dama shi ke da hanya, ɗayan ya kauce. Wanda ya karya doka kuwa shi da kansa zai hukunta kansa, ya ware gefe ya yi juyi a kan ruwa, sa'an nan ya ci gaba.

Abin da ya sa tseren maraice ke da wuya shi ne iskar Ikko ba ta da alkawari. Da rana ƙasa takan fi teku zafi, saboda haka iska mai sanyi ke kwararowa daga teku, daga kudu maso yamma. In rana ta yi ƙasa, ƙasa ta fara hucewa, sai iskar ta shiga yin wasa, ta buso da ƙarfi, ta ɗauke, ta sake ɓullowa ta wani gefe. Ga dogayen benaye na Marina da na Biktoriya suna karkatar da ita, ga manyan jiragen kaya masu zuwa Apapa da Tin Can, waɗanda in ka shiga inuwar ɗayansu sai ƙyallenka ya saki kamar wankin da aka shanya a ɗaki. Su waɗannan manya ba sa iya tsayawa farat ɗaya, tilas ƙaramin jirgi ya ba su hanya. Bayan wannan kuma ruwan kansa yana tafiya, gama teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini da kwana. In tana janyewa, iska kuma ta mutu, sai ka ga jirgi yana komawa da baya, mai shi yana kallo.

Gwani ba ya jira iska ta buge shi kafin ya san ta zo. Idonsa yana can gaba. In ya hango fuskar ruwa ta yi duhu ta yamutse a wani wuri, ya san gugar iska ce tafe. Nan da nan sai ya sassauta igiya kaɗan, abokan tafiyarsa su rataya jikinsu waje don su danne jirgin. Wanda ya ƙi sassautawa, yana ganin zai fi sauri, shi ne za ka gani cikin ruwa, ƙyalle a kwance. Kifewa ba abin kunya ba ne a wurinsu, don tun farko akan koya wa ɗan koyo yadda zai tsaya a kan allon nan ya tā da jirgin. Suna kuma sanye da rigar ceto, ga jirgi mai inji yana biye da su.

Abu guda ne ba su wasa da shi, watau hadarin gabas. Wannan kam ba baƙonmu ba ne. Yadda yake haɗowa a Katsina ko Azare a farkon damina, haka yake haɗowa a nan, musamman daga Maris zuwa Mayu, da kuma wajen Oktoba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik, sa'an nan wata mai sanyi ta taso da ƙarfin gaske kafin ruwa ya sauko. Da sun ga haka ba sauran maganar tsere, kowa ya nufi gaɓa. Masuntan Makoko ma, masu ɗinka buhuna su yi ƙyallen kwalekwale, haka suke yi tun kaka da kakanni.

To, jama'a, ga inda zancen ya shafe mu. Yau 'yan'uwanmu da yawa suna shiga jirgin fasinja zuwa Ikorodu, ko Apapa, don gudun cunkoson mota, alhali galibinmu mun tashi a tudu, ba mu iya iyo ba. Mutanen da suka ƙware, suka iya iyo kamar kifi, ba su raina rigar ceto ba, balle mu. Gwamnatin Jihar Legas ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa a 2008, doka ce kuwa kowane fasinja ya sa rigar. Ka sa ta, ka ɗaure igiyoyinta sosai, kada ka riƙe ta a cinya. In ka ga an cika jirgi fiye da kima, ka sauka ka jira na baya. In gabas ta haɗa, ko magariba ta kawo jiki, ka haƙura da ruwa ka bi mota, don duhun Ikko ba ya sallama.

Ran da ka sami sarari kuwa, ka je bakin Marina da la'asar ka kashe kwarkwatar ido, gani ya kori ji. Ka zuba wa ruwan ido, ka gwada ko za ka riga matuƙin hango iskar. Allah ya kiyaye mu a tudu da ruwa, ya maishe mu gida lafiya, amin.