Mizanin Hankali a Tsakiyar Mafarki

Malaman ta'abiri, bisa abin da ya tabbata a hadisi, sun kasa mafarki gida uku: ru'uya ta gari, da firgitarwar Shaiɗan, da zancen zuci wanda rai ke kwana yana maimaitawa, amma akwai wani hali mai ban al'ajabi da kan gitta wa mai barci, wato yana tsakiyar mafarki sai ya farga cewa mafarki yake yi, alhali kuwa bai farka ba. Aristotal ya ambaci wannan tun dauri, kana wani likitan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya raɗa masa suna a 1913.

Masana sun daɗe suna shakkar lamarin, har zuwa 1975, lokacin da Keith Hearne ya kawo hujja a Jami'ar Hull ta Ingila. Da yake gaɓoɓin mai mafarki a sake suke, ba su motsi, in ban da idanu da numfashi, sai Hearne ya yi alkawari da wani mai suna Alan Worsley cewa da zarar ya farga ya juya idanunsa hagu da dama, na'ura kuwa ta rubuta ishararsa yana cikin barci. Stephen LaBerge ya sake tabbatar da haka a Jami'ar Stanford ta Amurka.

Sai dai fargar ba ita ce mai wuya ba, riƙe ta bisa mizani shi ne aiki, domin tamkar lagwanin fitila take: in an ɗaga shi da yawa, murna ta taso, zuciya ta buga, sai mutum ya buɗe ido a kan shimfiɗarsa, in kuwa aka sassauta, gafala ta dawo, labarin mafarkin ya janye shi har ya manta abin da ya sani yanzu-yanzun nan. Wani lokaci ma yakan yi mafarkin ya farka, ya ci gaba da harkokinsa cikin ruɗu. Saboda haka LaBerge ya shawarci wanda ya ga mafarkinsa na dusashewa da ya murza tafukan hannunsa ko ya yi ta juyi a tsaye, hikimar kuwa ita ce a shagaltar da ƙwaƙwalwa da jikin mafarki, kada ta ji nauyin jikin da ke kwance. Bajamushe Paul Tholey ya lura cewa ƙura wa abu guda ido yana tada mai barci. Maganin gafala kuma shi ne mutum ya riƙa nanata wa kansa cewa mafarki ne.

A ganina masu tallar wannan fanni sun wuce gona da iri da suke haɗa sani da iko, domin sau da yawa mai barci ya san inda yake, amma bai isa ya sauya komai ba. A 2021 aka buga sakamakon wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin masana daga Amurka, Faransa, Jamus da Holan, inda aka tambayi wani mai mafarki takwas a ɗebe shida, ya amsa da idanunsa cewa biyu ne. Amma a mafi yawan gwaje-gwajen masu barcin ba su ba da wata amsa ba.