"Hannunka ne ko na'ura?": Halin da masu zana wa labaran magoya baya hotuna ke ciki

Sau biyu a shekara, a watan Agusta da na Disamba, dubun-dubatar mutane kan yi layi tun da asuba a ƙofar katafaren zauren baje koli na Tokyo Big Sight da ke babban birnin Japan. Abin da ke kai su ƙananan littattafai ne da mutane suka rubuta, suka zana, suka buga da kuɗin aljihunsu. Da yawa daga cikin littattafan suna magana ne kan taurarin labaran da wasu suka ƙirƙira.

Sunan wannan kasuwa Comiket. An fara ta ranar 21 ga Disamban 1975 da rukunin masu sayarwa 32 da baƙi kusan 700. A zaman Disamban 2019 kuwa, an ƙiyasta mutum 750,000 ne suka shiga cikin kwana huɗu.

Ga wanda bai san harkar ba, ga misali. A ce ka gama kallon Labarina ko Daɗin Kowa, yadda aka ƙare da wani jarumi bai yi maka ba, sai ka zauna ka rubuta naka ci gaban da sunayen mutanen shirin da halayensu, ka saki kyauta ga sauran masu kallo. Wannan shi ne labarin magoya baya, wanda a intanet ake kira fanfik. Harry Potter, Naruto da finafinan Marvel na cikin waɗanda aka fi yi wa irin wannan ɗori.

A gefen marubutan akwai wasu mutanen da ba a cika maganarsu ba, wato masu zana wa labaran hotuna. Sun yi shekara sama da 50 suna wannan aiki, sun tashi daga takarda sun koma allon kwamfuta ba tare da wata babbar rigima ba. Tun daga 2022 ne ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashinsu.

Daga injin gurza takarda

A 1967, shekara ɗaya bayan fara nuna shirin Star Trek a talabijin ɗin Amurka, wasu mata biyu, Devra Langsam da Sherna Comerford, suka fitar da wata 'yar mujalla mai suna Spockanalia. Ana lissafa ta a matsayin ta farko da masu kallon shirin suka sadaukar gare shi kacokan. Da injin gurza takarda aka buga ta, irin wanda makarantu ke buga tambayoyin jarrabawa da shi a da.

Duk wanda ya san wannan inji ya san wahalar zane a kansa. Mai zane yana karce sitansil ne da tsinken ƙarfe. Idan ya danna da yawa takardar ta yage, idan ya sassauta tawada ba za ta fita ba. Babu launi, babu inuwa sai ta hanyar jera ɗige-ɗige da ƙananan layuka. Duk da haka aka yi ta zana fuskar Spock da dogayen kunnuwansa, ana aika mujallun ta gidan waya.

A Japan kuwa harkar ta haifar da kayan aiki nata na kanta. Alƙaluman launi na Copic, waɗanda suka fito a 1987, sun samu karɓuwa wurin masu zane saboda tawadarsu ba ta narkar da baƙin da injin fotokwafi ya buga. Mutum zai zana da baƙar tawada, ya yi kwafi, ya shafa launi a kan kwafin, asalin zanen na ajiye. Har yau ana amfani da su, kuma launukansu sun kai 358.

Yadda hoto ke haɗuwa da labari

Wani tsari da ya shahara a tsakanin magoya baya shi ne wanda suke kira Big Bang. Marubuta kan yi alƙawarin rubuta dogon labari cikin wasu watanni. Idan aiki ya yi nisa, masu shiryawa su fitar da taƙaitaccen bayanin kowane labari ba tare da sunan marubucinsa ba, masu zane su zaɓi wanda ya burge su. A ranar da aka tsayar, labari da hotunansa su fito tare. Akwai kuma na juye, inda hoto ke fara zuwa, marubuci ya gina labari a kansa. Ba a biyan kowa ko sisi.

Babban aikin mai zane a nan karatu ne. Cikin labari mai babi 20, wane lokaci ɗaya zai tsayar? Sabon shiga yakan ruga wurin faɗa ko wurin kuka. Wanda ya goge yakan ɗauki daƙiƙar da ta gabaci abin: hannu a kan marfin ƙofa, wasiƙar da ba a buɗe ba tukuna. Sannan dole hoton kada ya tona ƙarshen labarin.

Akwai kuma igiya biyu da ke jan sa. Dole mai kallo ya gane tauraron da kallo ɗaya, domin Naruto ba tare da zane uku-uku a kumatunsa ba wani yaro ne daban. Amma idan marubuci ya mayar da shi dattijo ɗan shekara 60, ko ya ce an yi masa rauni a hannun hagu a babi na 4, to raunin ya kasance a hagu. Marubuta na lura da irin wannan fiye da kyan launi, domin shi ne shaidar cewa an karanta aikinsu da natsuwa.

Wani lokaci zanen kan yanke hukuncin da rubutu ya bari a buɗe. Masu zane sun daɗe suna fitar da Hermione, ƙawar Harry Potter, a matsayin baƙar fata mai cikar gashi. A Disamban 2015 aka sanar da cewa Noma Dumezweni, wadda aka haifa a Swaziland (Eswatini a yanzu), ita ce za ta fito a matsayin Hermione a wasan daɓen da aka buɗe a Landan a 2016. An yi ta ce-ce-ku-ce, marubuciyar littafin J.K. Rowling ta mara wa zaɓin baya. Ga masu bin zanen magoya baya, fuskar ba baƙuwa ba ce.

Takarda da allo

Yau yawancin aikin a kan allo ake yin sa. Masu iPad sun fi son Procreate, manhajar wani kamfani da ke Tasmaniya a Ostareliya. Masu zanen salon Japan sun fi karkata ga Clip Studio Paint. Krita kyauta ce. Ga wanda waya kawai ya mallaka, akwai ibisPaint, wadda matasa da yawa ke zane a cikinta da ɗan yatsa.

Abin da allo ya kawo a bayyane yake. Ana jera aikin hawa-hawa: zanen farko a hawa ɗaya, layukan tawada a wani, launi a wani. Idan marubuciya ta ce rigar shuɗiya ce ba ja ba, gyaran minti biyu ne. A fentin ruwa kuwa, wannan magana na nufin sabuwar takarda. Sai dai sauƙin gogewa na da nasa tarkon: mutum zai iya share layi ɗaya sau 40, hoto ya fito sumul amma babu rai. Shi ya sa da yawa ke haɗawa, su yi zanen farko da fensir, su ɗauke shi da waya kusa da taga da rana, su ƙarasa launi a allo.

Abin mamaki shi ne takarda ta fi allo tsawon rai. Shafin Archive of Our Own, babbar ma'ajiyar labaran magoya baya wadda ta ci kyautar Hugo a 2019, ba ya ajiye hotuna da kansa. Ana ɗora hoton a wani shafin ne, a jawo shi cikin labari. A 2017 shafin Photobucket ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da fitowa a wasu shafuka sai ya biya kusan dala 400 a shekara, a 2019 kuma TinyPic ya rufe. Tsofaffin labarai masu yawa suka wayi gari da ramuka a inda hotuna suke. Mujallun da aka gurza tun shekarun 1960 da 1970 kuwa, suna nan a ɗakin adana kayan tarihi na Jami'ar Iowa, ana iya ɗaga su a karanta.

Kuɗi da doka

Tauraron da ake zanawa mallakar wani ne, don haka harkar na tafiya ne a kan kawar da kai. A Japan kamfanoni sun daɗe suna yin shiru, domin daga cikin waɗannan matasa ake samun ƙwararrun gobe: rukunin mata masu zane na CLAMP, masu Cardcaptor Sakura, daga nan suka taso. A 2016 firaministan ƙasar na lokacin, Shinzo Abe, ya shaida wa majalisa cewa irin waɗannan littattafai ba sa gasa da na asali a kasuwa, saboda haka ba za a gurfanar da masu yin su ba sai mai haƙƙin ya kai ƙara.

Tsakanin marubuta da masu zane ma akwai 'yar tsama. Archive of Our Own ya hana neman kuɗi a shafinsa, marubuci ba ya ko iya saka adireshin karɓar gudummawa. Masu zane kuwa suna karɓar kwangila a wasu wurare, suna kuma sayar da hotuna a tarukan magoya baya.

'Yan damfara sun gano wannan ƙofa. Marubuci zai ga saƙon yabo a ƙarƙashin labarinsa, yabon da bai ambaci ko suna ɗaya daga cikin labarin ba, sai tayin zana masa hoto idan ya biyo mai saƙon zuwa Discord ko Instagram. Wanda ya biya, ko dai ya ji shiru, ko a turo masa hoton sata ko na na'ura.

Shekarar da tambayar ta canza

A 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion suka shiga hannun jama'a. An horar da su da ɗimbin hotunan da aka kwaso daga intanet ba tare da tambayar masu su ba.

A Oktoban shekarar, wani mai zane yana aikin hoton wata tauraruwar wasan Genshin Impact kai tsaye a Twitch. Wani daga cikin masu kallo ya ɗauki hoton aikin tun bai kammala ba, ya ba na'ura ta ƙarasa, ya wallafa sa'o'i kafin mai shi ya gama. Da mai zanen ya saki nasa, sai ɓarawon ya nemi a ambace shi a matsayin wanda aka kwaikwaya.

Martani ya zo da zafi. Kamfanin Clip Studio Paint ya sanar da saka irin wannan fasaha a manhajarsa a ƙarshen 2022, ya janye cikin 'yan kwanaki saboda fushin masu amfani da ita. A Janairun 2023 masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka maka Stability AI da Midjourney da DeviantArt a kotun tarayya a Kaliforniya. DeviantArt ɗin nan shi ne gidan da masu zanen magoya baya suka taso a ciki tun 2000. Masu bincike a Jami'ar Chicago suka fitar da Glaze, manhajar da ke yi wa hoto wani sauyi da ido ba ya cika gani amma yake rikita na'urar da ke son koyon salon mai shi. A 2024 Procreate ya ce ba zai saka wannan fasaha a manhajojinsa ba.

Akwai masu cewa mai aron tauraron wani ba shi da bakin kukan an ari salonsa. Maganar ba ta banza ba ce, amma a ganina ta tsallake wani abu. Mai zanen Naruto bai taɓa ɓoye cewa na Masashi Kishimoto ne ba, hasali ma da sunan yake tallar aikinsa. Na'ura kuwa ba ta faɗin hannun wa ta kwasa. Kuma marubuciyar da aka yi wa hoto a Big Bang ba kyan hoton kawai take murna da shi ba, tana murna ne wani ya ba labarinta mako biyu na rayuwarsa.

Zargi ya kuma faɗa kan masu gaskiya. A ƙarshen 2022 aka kori wani mai zane ɗan Biyetnam daga wani babban zauren zane na Reddit bisa zargin cewa hoton bangon littafin da ya yi na na'ura ne, duk da ya yi tayin nuna fayil ɗin aikin hawa-hawa.

Marubutan Hausa na intanet ma iskar ta iso su. Duk mai bin littattafan Wattpad da na zaurukan WhatsApp ya san bangon da aka yi da hoton jarumar Indiya, kuma yanzu fuskokin na'ura masu sheƙi na maye gurbinsa. Wanda ya karanta littafin kan gane nan take idan bangon bai san labarin ba: ɗaurin ɗankwalin ba na nan ba ne, lallen ya zarce inda ake tsayawa.

A tarukan Big Bang da dama yanzu an rubuta a cikin ƙa'idoji cewa ba a karɓar hoton na'ura. Procreate da ibisPaint duk suna naɗar aikin tun daga layin farko, su mayar da shi gajeren bidiyo, kuma abin da a da ake sakawa don nishaɗi ya koma shaida. Wasu sun koma ajiye littafin zanensu na fensir. Idan sun wallafa hoton da suka gama a allo, sai su haɗa da na takardar, da fensirin a gefe, wani lokaci har da yatsansu a bakin shafin.